Hujin Dodon Kunne: Me Ya Sa Na Ɓera Ke Rufewa, Na Yarinyar Ya Ƙi?

Wani malamin firamare daga Daura ya aiko da wannan tambaya: "Likita, 'yata mai shekara tara tana fama da zubar ruwa a kunnen hagu tun tana 'yar shekara huɗu, bayan ta yi ƙyanda. An duba ta an ce dodon kunnenta ya huje, hujin kuma ya daɗe, sai dai tiyata. Kwanan baya na karanta cewa masana a ƙasashen waje sun warkar da irin wannan huji a kunnen ɓeraye da maganin ɗigawa kawai, ba tare da an sa wuƙa ba. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya hana a kawo mana maganin?"

Malam, Allah ya ba yarinya lafiya, ya kuma saka maka da alheri bisa wannan bibiya da kake yi. Abin da ka karanta yana da tushe, sai dai akwai wani ɓangare na labarin da masu yaɗa shi ba su cika faɗa ba, alhali kuwa a kansa maganar ta ginu. Dodon kunnen ɓera, ko kusu kamar yadda muke cewa a nan ƙasar Katsina, yakan rufe kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko an ɗiga masa magani ko ba a ɗiga ba. Saboda haka wahalar da masu bincike suka shafe fiye da shekara talatin suna sha ita ce ta yadda za su hana hujin dabba warkewa, domin su sami abin da ya yi kama da na 'yarka, sannan su gwada magani a kansa. Duk wanda ya ce maka ya warkar da hujin kunnen ɓera, tambayar farko da za ka yi masa ita ce: da ka ƙyale shi, da bai warke da kansa ba?

Dodon kunne wata 'yar fata ce mai faɗin kusan santimita ɗaya, kaurinta kuma bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kusan kaurin takardar littafin da ɗalibanka ke rubutu a ciki. Duk da wannan rashin kauri, hawa uku ce. Hawan waje fata ce irin ta jiki, wadda ta zarce daga ramin kunne. Hawan ciki lallausan tantani ne mai damshi, irin wanda ke cikin hanci. A tsakaninsu kuma akwai saƙar zaruruwa, wasu sun miƙe daga tsakiya zuwa gefe, wasu sun kewaya, kuma wannan saƙa ce ke ba dodon kunne tauri irin na fatar kalangu da aka ɗaure da kyau. A bayansa akwai 'yan ƙasusuwa uku da aka sa wa suna saboda siffarsu, wato guduma da maƙera da likkafa, kuma duk wanda ya taɓa kallon hawan Magajiya ya san siffar ta ukun. Ƙotar gudumar tana manne da dodon kunnen, shi ya sa idan sauti ya kaɗa fatar sai ƙasusuwan su miƙa motsin zuwa kunnen ciki. Idan fatar ta huje, ƙarfin kaɗawar yakan ragu, kuma gwargwadon girman hujin gwargwadon raguwar ji.

Babban abin da binciken dabbobi ya koya mana shi ne tsarin da wannan fata ke bi wajen warkewa, domin ya saɓa wa na sauran jiki. Idan yaro ya yanke a ƙafa, jini ne ke fara daskarewa, nama ya tsiro daga ƙasa ya cike gurbin, sannan fata ta zo daga ƙarshe ta rufe. Dodon kunne ba shi da ƙasan da nama zai tsiro daga gare shi, tunda iska ce a gabansa, iska ce a bayansa. Masu bincike sun riƙa huda dodon kunnen ɓeraye, suna ɗauko shi a ranaku daban-daban bayan hudawar, suna yanka shi siriri suna dubawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Abin da suka gani shi ne fatar waje ce ke yin gaba. Takan yi kauri a bakin hujin, ta turo wani busasshen ɓawo da ke zame mata gada, ta bi ta kansa har ɓangarorin su haɗu, daga baya sauran hawa biyun su biyo. Sun kuma ga cewa ƙwayoyin halittar da ke wannan aiki sun fi hayayyafa a kusa da ƙotar guduma da kuma can gefen da'irar, ko da hujin yana nesa da wurin. Wannan ya yi daidai da abin da wani likita mai suna Alberti ya nuna a shekarar 1964, lokacin da ya riƙa ɗiga tawada a dodon kunnen mutane yana bibiyar ɗigon, ya ga yana tafiya a hankali daga tsakiya zuwa gefe, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita a kowace rana. Saƙar tsakiya ce ke zuwa a makare, sau da yawa ma ba ta dawowa yadda take. Shi ya sa wani lokaci nakan leƙa kunnen wanda ya warke shekaru da suka wuce in ga wurin ya yi shara-shara har in ɗauka hujin na nan, sai na busa 'yar iska na ga fatar ta motsa sannan in tabbatar ya rufe.

A jikin mutum ma, sabon huji yakan warke da kansa. Wanda aka mara a kunne, ko wanda ya soki kansa da tsinken ashana ko gashin kaza garin susa, mafi yawansu, wajen takwas ko tara cikin goma, sukan warke cikin 'yan makonni matuƙar an bar kunnen a bushe. Idan huji ya wuce wata uku bai rufe ba, a nan ne muke kiran sa daɗaɗɗe, kuma bambancinsa da sabo ya wuce na tsawon kwanaki. Ka dubi yadda ake huda kunnen jaririya don 'yan kunne. Ana barin zare ko ɗan tsinke a ciki, domin an san in aka zare shi da wuri hujin zai toshe. Bayan wani lokaci fata takan bi ta lulluɓe cikin hujin, daga nan kuma ko ta yi shekara goma ba ta sa 'yan kunne ba, hujin na nan. Haka abin yake a dodon kunne. Idan mugunya ta daɗe tana bi ta hujin, fatar waje ba ta samun damar tsallakawa, sai ta lanƙwasa ta bakin hujin ta haɗu da tantanin ciki, kamar yadda tela ke kalmashe bakin riga don kada ya zare. Da zarar an yi wannan kalmasa, jiki ya ɗauka aiki ya ƙare. Idan na haska irin wannan kunne nakan ga bakin hujin ya yi sumul, ya yi kauri, ya yi fari-fari, babu alamar rauni ko kaɗan, kuma ta cikinsa ina hango jan tantanin kunnen tsakiya yana ƙyalli da damshi. Ina kyautata zaton abin da aka gani a kunnen 'yarka ke nan.

To, yaya za a samar da irin wannan a kunnen dabbar da jikinta ke gaggawar rufe duk hujin da aka yi mata? Masu bincike sun fi amincewa da cewa sai huji ya kai mako takwas a buɗe kafin a kira shi daɗaɗɗe a jikin dabba, kuma kai wa wannan wa'adi ya zame musu jan aiki. A shekarar 1992 Amoils da Jackler da abokan aikinsu a San Faransisko ta Amurka suka yi amfani da cincila, wata dabba mai laushin gashi daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, wadda ake so a binciken kunne saboda dodon kunnenta yana da girma kuma jinta ya kusanci na mutum. Sun ƙona wani babban sashe na fatar, sannan suka naɗe bakin hujin ciki da hannunsu, wato suka yi kalmasar da kansu. Bayan hujin ya zauna, sai suka sa wa wasu kunnuwan sinadarin EGF, wanda ke zaburar da ƙwayoyin fata su hayayyafa, wasu kuma ruwan gishiri kawai. Kunnuwa 13 cikin 16 suka rufe a rukunin da aka sa wa sinadarin, 4 cikin 16 a ɗaya rukunin. Sakamako ne mai faranta rai, amma ka lura da waɗannan huɗun da suka warke ba da magani ba, ka kuma sani cewa waɗanda suka zo daga baya sun sha wuya wajen maimaita dabarar kalmasar, musamman a ɓeraye.

A jami'ar Umea da ke arewacin Suwidin, Hellström da abokan aikinsa sun bi ta hanyar magani, suka nuna cewa ɗiga haidirokotizon, wani maganin rage kumburi, a kan hujin ɓera yana jinkirta rufewarsa. Matsalar ita ce jinkiri daban, hanawa daban, domin da zarar ƙarfin maganin ya gushe sai fatar ta ci gaba da aikinta. A wannan jami'a ce kuma aka gano a 2006 cewa ƙananan ɓerayen da aka haifa ba su da wani sinadarin jini mai suna filasminojin, hujinsu ba ya rufewa sam, kuma idan aka ba su sinadarin sai warkewa ta kankama. Wannan ya tabbatar da cewa sinadarin wajibi ne ga warkewa, amma bai nuna cewa rashinsa ne ke damun yara irin 'yarka ba, tunda kusan dukkansu suna da shi a jininsu.

Masu bincike na birnin Fat (Perth) a Ostareliya su suka fi fitowa fili da wannan damuwa. A 2007 Santa Maria da Atlas da Ghassemifar suka bi ayyukan da aka yi kafin lokacin, suka ce har yanzu ana bukatar ingantacciyar hanyar samar da daɗaɗɗen huji a dabba, domin da yawa daga abin da ake kira daɗaɗɗe sabon huji ne da ya ɗan makara. Daga baya Wang da abokan aikinsa a can suka gwada sa takarda a cikin kunnen tsakiya, suka gwada sake huda shi a kai a kai, duk ɓera ya rufe abinsa. Abin da ya fi yi musu aiki shi ne dasa ɗan bututu a hujin na wani lokaci, daidai da zaren nan na kunnen jaririya, tare da shafa maitomaisin, wanda maganin ciwon daji ne da ke hana ƙwayoyin halitta rarrabuwa, da kuma dekzametazon, wani maganin rage kumburi. A 2015 kuma, a jami'ar Stanford, Santa Maria da wasu suka samar da daɗaɗɗen huji a ƙananan ɓeraye ta hanyar toshe aikin wani sinadarin jiki mai suna HB-EGF, sannan suka warkar da shi da suka mayar da sinadarin. Ina tsammanin irin wannan labari ne ya iso gare ka.

A nan ne nake da ra'ayi na kaina, kuma ba na ɓoye shi. Hujin da aka hana warkewa da magani a cikin kunne mai tsabta, na lafiyayyar dabba mai ƙoshi, wadda ke zaune a ɗaki mai sanyi, ba ɗaya yake da hujin da mugunya ta shekara biyar tana ci ba. Idan ka ɗaure akuya sannan ka kwance ta ta tafi, ba ka nuna cewa ka iya warkar da gurguwa ba. Kunnen yaranmu yana da abubuwa aƙalla uku da na ɓeran ɗakin bincike ba shi da su. Akwai ƙwayoyin cuta irin su Pseudomonas da ke yin sansani a kunnen tsakiya, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke wuyar ratsawa. Akwai bututun da ya haɗa kunnen tsakiya da bayan hanci, wanda a jikin yara gajere ne kuma a kwance, ga shi yana toshewa duk lokacin da mura ta kama su, abin da kowane uba ya sani da zarar hunturu ya shigo. Akwai kuma girma, domin dodon kunnen ɓera bai kai rabin faɗin na mutum ba, tazarar da fata za ta tsallaka kaɗan ce. Masu binciken na Stanford sun fahimci haka, shi ya sa suka ci gaba da toshe wa ɓerayen wannan bututu suna kuma sa musu ƙwayoyin cuta, kuma a ganina wannan hanya ce ta fi kusa da abin da muke gani a ɗakin duba marasa lafiya.

Duk da haka, ba a tashi a tutar babu ba. A Japan, Kanemaru da abokan aikinsa sun wallafa a 2011 sakamakon wata dabara da suka gwada a kan mutane. Sukan kankare bakin hujin tukuna don warware kalmasar, su cusa ɗan soson jelatin da aka jiƙa da sinadarin FGF, wanda shi ma ke zaburar da ƙwayoyin halitta su hayayyafa, sannan su rufe da wani gam da ake samu daga sinadaran jini. Huji 52 cikin 53 suka rufe, alhali a rukunin da aka jiƙa soson da ruwan gishiri 1 ne kawai cikin 10. A 2019 hukumomin Japan suka amince da wannan haɗi da sunan Retympa. Amma wani gwaji da aka yi a Boston ta Amurka, aka wallafa a 2020, bai ga wani fifiko na sinadarin FGF a kan maganin da babu komai a cikinsa ba. Hanyoyin gwajin biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma har yanzu masana na tattauna dalilin saɓanin. Ka lura kuma ko a dabarar Japan ba ɗigawa kawai ake yi ba. Likita ne ke kankare bakin hujin a ƙarƙashin madubi, kuma sai kunne ya bushe babu mugunya ake yi. Ana kuma gwada shimfiɗu iri-iri da fata za ta bi ta kansu, har da wanda ake yi da siliki, abin da ya samo asali daga tsohuwar dabarar manna 'yar takarda a kan huji, wadda wani likita mai suna Blake ya bayyana tun ƙarni na sha tara.

Darasin da ya fi amfanar mu a yau daga binciken dabbobi ya shafi abin da ake ɗigawa a kunne mai huji. Gwaje-gwaje a kan ɓeran Masar da cincila sun nuna cewa magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamaisin da niyomaisin suna iya ratsawa ta wata 'yar taga da ke tsakanin kunnen tsakiya da na ciki, su kashe ƙwayoyin ji, waɗanda ba sa sake tsirowa. Tantanin wannan taga ya fi kauri a jikin mutum, don haka haɗarin bai kai na dabbobin ba, amma ya isa ya sa muka fi zaɓar sifirofulokzasin ko ofulokzasin idan akwai huji. Na taɓa duba wani yaro da aka kawo daga ƙauye, mahaifiyarsa ta kwance bakin zaninta ta zube mini kwalabe huɗu na maganin ɗigawa da aka saya a kemis daban-daban, biyu daga ciki ma na ido ne, ta ƙara da cewa an gwada ruwan albasa da man zaitun. Ba sakaci ne ya sa ta yi haka ba, neman lafiyar ɗanta take yi, amma babu wanda ya taɓa gaya mata cewa kunne mai huji ƙofa ce a buɗe zuwa inda ji yake.

Wataƙila ka ji tausayin dabbobin da ake yi wa wannan aiki, kuma tausayin yana kan hanya, tunda addininmu ya yi umarni da kyautatawa ko a wajen yanka. Ƙa'idar da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 ita ake bi a cibiyoyin bincike na ƙwarai: a nemi madadin dabba in akwai, a rage yawan waɗanda za a yi amfani da su, a kuma rage musu wahala, shi ya sa ake yin hudar bayan an yi musu allurar barci. Wannan ma wani dalili ne da ya sa gwajin da aka gina a kan hujin da zai warke da kansa ya zama asara biyu, ta kuɗi da ta rayukan dabbobi.

Game da yarinyar, shawarata ita ce kada ka jira maganin da bai iso ba, domin aikin da aka ce a yi mata tsohon aiki ne da aka ƙware a kansa tun shekarun 1950, lokacin da Wullstein da Zöllner na Jamus suka tsara shi. Likita yakan ɗebo ɗan siririn tantani daga kan tsokar da ke saman kunne, ko ɗan guringuntsi daga kunnen kansa, ya kankare bakin hujin, ya shimfiɗa shi a ƙarƙashi domin fatar ta sami gadar da za ta bi, wato dai abin da ɓeraye suka nuna mana jiki na bukata. Galibi takwas zuwa tara cikin goma sukan rufe, kuma shekara tara ba ta yi ƙanƙanta da aikin ba. Ka nemi ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a yi mata gwajin ji kafin komai, a kuma duba hancinta da maƙogwaronta.

Kafin lokacin, aikin gida shi ne busar da kunnen. Idan yana zuba, a murza tsabtataccen ƙyalle mai laushi ko takardar goge hannu ya yi tsini, a sa a bakin ramin ya tsotse ruwan, a canja har sai ya fito a bushe, sau uku a rana, sannan a ɗiga maganin da likita ya rubuta. Lokacin wanka ko wankin kai a toshe kunnen da auduga da aka shafa wa basilin, a hana ta shiga kududdufi da damina, a koya mata cewa a alwala shafa kunne ake yi da ɗanyen yatsa, ba zuba ruwa ba. Idan ka ga kumburi a bayan kunnen, ko zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ko sanƙarewar wuya, ko jiri, ko bakinta ya karkace, ko ruwan ya koma mai ɗoyi ƙwarai da jini-jini, to a kai ta asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka ba ku. Tunda kai malami ne, ka yi magana da malamin ajinsu ya dawo da ita layin gaba, a gefen da kunnenta na dama zai fuskanci inda yake tsayawa idan yana koyarwa.